Yadda Sodangi Ya Sa wa Gerona Safa

Sodangi ya dawo daga Maraɗi ranar wata Talata da dila guda ta gwanjo a bayan babur, da kalma guda a bakinsa. Dilar ba ta sayu ba. Kalmar kuwa ita ta cinye mini gona, kuma a kanta nake rubuta wannan labari, don jama'ar Sabon Birni su karanta su ga ko an yi mini adalci.

Ni ne Malam Abbas. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a makarantun firamare tsakanin Isa da Sabon Birni, goma sha ɗaya daga ciki ina hedimasta. Sodangi ƙanin matata Ikilima ne. Ɗan kasuwa ne, ko kuma haka yake kiran kansa. Bai taɓa riƙe fartanya ta kai masa hantsi ba, amma babu abin da bai sani ba a duniya, tun daga gyaran agogo har zuwa haihuwar raƙumi.

Ikilima tana da wata lalura da muka saba da ita. Kowace damina, da zarar gero ya fitar da kai ya fara bununi, sai hancinta ya tashi. Atishawa tun asuba, goma a jere, ashirin a jere. Idanu su yi ja suna hawaye, maƙogwaro da kunne su yi ta ƙaiƙayi, hanci ya toshe amma yana zuba. Babu zazzaɓi, babu ciwon jiki. Mako uku ko huɗu, bununi ya wuce, ita ma ta warware. Na sha ce mata ta je asibiti, ta ce abin da ke tafiya da ƙafarsa ba sai an kora shi ba, ta ci gaba da girkinta da hankici a kafaɗa.

A bayan gidanmu kuma akwai 'yar gona. Ba babba ba ce, amma a cikinta nake shuka zangon da mahaifina ya taho da irinsa daga Alkalawa, gero mai kai dogo kamar hannun babban mutum. Tun da aka daina zuwa gonakin nesa, irin nan ya ɓace a hannun danginmu duka, ya rage nan kaɗai. Ba don tuwo nake shuka shi ba, don iri ne. In ya lalace shekara guda, ya tafi ke nan.

To, ranar Talatar nan da la'asar muna zaune a ƙofar gidan mai unguwarmu Kalilu, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tawa, sai ga Sodangi ya kafe babur. Daidai lokacin atishawar Ikilima ta tsallako katanga.

"Kun ji ko?" in ji shi. "Shekara nawa kuna cewa mura? Ba mura ba ta. Alerji na."

Kalilu ya ce, "Wa?"

"Alerji. Wani babban likita munka zauna kujera guda da shi cikin mota, tun daga Maraɗi har iyaka. Duk abin da yak karanta shekara bakwai, ni awa biyu na kwashe shi. Kwana ukku na ba Yaya. Kwana ukku, in kunka ƙara jin atishawa gidan Malam, ku canza min suna. Daga nan sai unguwa, daga unguwa sai Gobir baki ɗaya. Za ni kafa allo bakin tasha."

Na ce masa, "Sodangi, kalmar na san ta tun kana rarrafe. Magani nake tambaya."

"Mijin Yaya, kai alli ka sani. Bar wa masu yawon duniya hanci."

Washegari da hantsi ya shigo gidana da kasko da wani ƙullin gari. Bayaninsa shi ne, kowane hanci yana da rabon atishawarsa na shekara, a ƙidaye. Kuskuren Ikilima shi ne tana fitar da nata kaɗan-kaɗan. In aka fitar da shi duka rana guda, sai hutu har baɗi.

Ikilima ta leƙa ƙullin ta ce, "Mi ac ciki?"

"Sirri na, Yaya."

"Sirrin nan kamar barkono da masoro nika ji."

"Da taba kaɗan. Matso ki shaƙa."

"Shaƙa kai, tunda kai ad da rabon."

Da ta ƙi, sai ya ce ba komai, magani zai same ta inda take. Kafin in ajiye littafin da ke hannuna ya juye garin a kan garwashi, ya ja baya ya tsaya ta inda iska ke tasowa, ya toshe hancinsa da hula.

Ni da ban taɓa yin atishawa biyu a jere ba, na yi goma sha ɗaya, a ta sha ɗayan tabarauna ya faɗa cikin randa. Ikilima ta durƙusa riƙe da turmi. Kaji suka watse. Akuya ta tsinke igiya ta bi ta kan ƙwaryar nono. Hayaƙin ya haura gidan Kalilu, inda matarsa ke tankaɗe, muka ji rariya ta faɗi, sannan muka ji muryarta tana tambayar wane marar mutunci ne ke gasa barkono da rana tsaka. Sodangi kuwa yana tsaye yana ƙirga na yayarsa da yatsu.

"Ɗari da arba'in! Madalla! Ci gaba, Yaya, saura kaɗan!"

Washegari da asuba atishawar Ikilima ce ta tashe ni, kamar kullum, sai dai yanzu da dashewar murya. Na aika aka kira shi.

"Ina rabon shekara da ya ƙare?"

Ya saurara, ya gyaɗa kai irin na masana. "Wanga ragowar bara na. An daɗe ana tarawa."

Kwana biyu bayan nan ya dawo da hular kwano ta babur, wadda ya naɗe da gidan sauro ninki huɗu, ya ɗaure a wuya da roba. Ya ce tunda ta hanci abin ke shiga, sai a rufe ƙofa. Ikilima za ta sa wannan tun safe har magariba, mako uku kacal.

Ta dube shi, ta dubi hular. "Da wagga za ni yi girki? Da ita za ni gidan suna?"

"Lafiya ta fi ado, Yaya."

"To sa ka zaga gari. In ka dawo da mutuncinka, sai in sa."

Wani mai hankali da ya gane an kore shi ne. Sodangi ya ɗauka an ba shi izinin gwaji. Ya kifa hular, ya hau babur, ya nufi kasuwa, a garin da ko rawani mutum ya ja ya rufe hanci sai an tambaye shi sunan ubansa da na unguwarsu. Ba ya gani sosai ta cikin ninki huɗu, don haka ya shiga layin masu tumatir a guje yana ɗaga hannu yana gaisuwa. Mata suka zubar da kwanduna. Mai ƙosai ta jefe shi da matsami. Wani mahauci ya rufa masa buhu, 'yan sa-kai suka zaunar da shi a ƙasa, sai da Kalilu ya bar abincinsa ya je ya shaida cewa wannan ba kowa ba ne, surukin unguwarsu ne, kuma haka Allah ya yi shi.

Ya dawo da hula a lotse, da tumatir a kafaɗa, yana murmushi.

"Gwaji ya yi kyau. Tun daga nan har kasuwa ban yi atishawa ko guda ba."

Na ce, "Kai da ma kana yi ne?"

"Ni? Hancin nan tun da anka haife ni bai san atishawa ba. Ƙarfe na."

A makon ne 'yata da ke aure a Isa ta haihu, ya zama dole in je suna. Ikilima ba ta iya tafiya da wannan hanci ba. Kafin in hau mota na kira Sodangi gaban Kalilu, na yi masa magana dalla-dalla kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya: kada ya sake kunna wuta a gidana, kada ya sake kawo wa matata wani abin sha, shaƙa ko sawa. Ya dafa ƙirji ya ce ya ji. Ban ambaci gona ba. Wane ne zai yi tunanin sai ya yi wa gona katanga daga maganin hanci?

Abin da ya faru bayan tafiyata daga bakin Kalilu na ji shi, kuma na sa ya maimaita sau biyu.

Dilar gwanjon da ta ƙi sayuwa, ashe safa ce zalla, irin dogayen nan na 'yan ƙwallo, masu kaiwa gwiwa. Washegarin tafiyata Kalilu ya fito duba dawarsa, sai ya hangi mutum a gonata, tsaye a kan kujera, yana zura wa kan gero jar safa.

"Sodangi! Mi kaka yi nan?"

"Ɓarawon na kama har gida, mai unguwa. Bununin ga shi ka tashi shi shiga hancin Yaya. In ta ƙi rufe hanci, sai in rufe gero."

"Kai, sauko! Geron da anka rufe ma kai shina bununi, da mi za shi yi ido?"

"Wanga tsohon ilimi na. Turawa duk haka suka noma."

"Malam ya sani?"

"Shi yac ce duk abin da za ya kawo ma matarshi sauƙi a yi."

Ban faɗi haka ba. Ban faɗi mai kama da haka ba. Kalilu ya nemi wayata, sabis ya ɗauke kamar yadda ya saba, shi kuma ya ce a ransa tsakanin mutum da ƙanin matarsa ba a shiga. Wannan ma ina da magana a kai, amma na bar ta.

Kwana biyu Sodangi ya yi yana aiki, aikin da bai taɓa yi wa kansa ba. Kan gero ɗari huɗu da goma sha biyu ne a gonar, na ƙirga su kafin in tafi. Ya sa wa ɗari uku da casa'in da uku safa, ja da kore da ruwan ɗorawa da mai zane-zane, wata har da lamba. Goma sha tara na kusurwar gabas suka tsira, don dilar ta ƙare.

Gari ya ɗauka. Mutane suka riƙa zuwa kallo, har daga Gangara. Aka yi ta ɗaukar hoto da waya. A rana ta uku aka yi ruwa mai ƙarfi da la'asar, safa ta sha ta yi nauyi, karare suka sunkuya, wasu suka karye. Rana ta fito ta dafa abin da ke ciki. Aka sake yin wani ruwan.

Ni ina Isa ban san komai ba. Ranar da na cika kwana shida na shiga motar Sabon Birni, na samu fasinjoji suna miƙa wa juna waya suna dariya har da hawaye. Wani mai sayar da buhuna da ke kusa da ni ya miƙo mini.

"Baba, ka ga gonar da ta shiga ƙungiyar ƙwallo?"

Na gyara tabarau na duba. Na ce, da muryar da kowa zai ji, duk wanda ya yi wannan bai ci darasin aikin gona na aji uku ba, kuma ya kamata danginsa su kai shi a duba shi.

"Ai an ce mai ilimi na," in ji wata mata daga baya. "Tsohon hedimasta. Tun da yab bar aiki anka ga alama."

"Allah sarki," in ji direba. "Boko in ta yi yawa haka taka yi."

Na ce a ƙara mini girman hoton. A bayan safa mai lamba tara na ga rumbuna. Na ga katangata, na ga tagar ɗakin Ikilima. Da mai buhuna ya tambaye ni ko na san mutumin, na ce masa barci nake ji.

Ban shiga gida ba, na zaga baya kai tsaye da jakata a hannu. Na samu taro kamar na ɗaurin aure. Sodangi ya gayyato unguwa duka, ya aro lasifika a wurin mai tallan maganin gargajiya, ya hau kan turmin matata a bakin gona, ya sha babbar riga.

"Jama'a!" yake cewa. "Yau kwana ukku ke nan, wa yaj ji atishawa gidan ga? Ku hwaɗi gaskiya!"

Aka ce ba a ji ba. Wannan gaskiya ne, ba a ji ba.

"To wanga somin taɓi na. Baɗi kowace gona daga nan har Alkalawa za ta sa safa. Na riga na yi magana da mutanena na Maraɗi."

Na ratsa mutane na tsaya gabansa. Ya gan ni, ya washe baki.

"Ga mai gona nan! Ku ba shi hanya! Mijin Yaya, ba sai ka gode min gaban mutane ba."

"Sodangi, wa ya ba ka izinin shiga gonata?"

"Lalura, Malam."

"Ka san abin da ke cikin safar nan?"

"Na sani mana. Abokin gaba na, a ɗaure. Bari ku gani da idonku."

Ya miƙa hannu ya kamo kan gero mafi kusa, mai koriyar safa, ya zare ta da ƙarfi. Abin da ya fito ba gero ba ne. Wani baƙin abu ne mai laushi, ya yi furfura, yana wari kamar tsumman da aka manta a bayan randa. Ko ƙwaya guda babu. Manoman da ke wurin suka yi salati. Shi kuwa bai ko dubi geron ba. Ya juya safar ciki waje, ya ɗaga ta daidai fuskarsa, ya ce, "Ga shi nan, duk na tara shi wuri guda," ya kakkaɓe ta sau biyu.

Wata ƙura mai ruwan ɗorawa da toka-toka ta tashi ta lulluɓe masa kai.

Ya tsaya. Hancin ƙarfe ya motsa. Idanunsa suka ƙanƙance. Ya buɗe baki zai ci gaba da jawabi, lasifika na manne da leɓensa, sai ya saki wata atishawa da aka ce har masu wanki a bakin gulbi sun ji ta.

"Alhamdu lillahi," ya ce da ƙyar.

"Yarhamukallah!" in ji taro.

"Jama'a, wanga ba..." Ta biyu ta zo, hula ta tashi.

"Yarhamukallah!"

Ta uku ta sa turmin ya girgiza. Aka amsa masa, ana dariya. Da ta huɗu ta zo, Kalilu ya ɗaga hannu.

"An cika ukku, jama'a, mun sauke nauyi. Abin da yab biyo baya na asibiti na."

Abin da ya biyo baya ya kai ashirin da shida. A ta tara ya saki lasifika. A ta sha huɗu ya taka gefen rigarsa, turmi ya mirgine, ya faɗa cikin kunya, karan gero uku masu jiƙaƙƙiyar safa suka rufto masa. Yana ƙoƙarin tashi yana share hanci da abin da hannunsa ya samu, wato wata safar, abin ya sake tashi sabo.

Ana cikin haka sai tagar ɗakin Ikilima ta buɗe.

"Sodangi," in ji ta, "in ka gama, ga abin da yat tsai da atishawata." Ta ɗago wani ɗan kwalin magani. "Tun ranar da ka kawo min hular kwano nac ce in ban tashi ba sai ka kashe ni. Malam na barin gari na tahi wurin Kamalu."

Kamalu ma'aikacin lafiya ne a asibitin garinmu, tsohon ɗalibina, kuma yana cikin masu kallo. Aka tura shi gaba. Ya ce shi bai yi wani abin mamaki ba. Ƙwaya guda ce a rana, da rufe taga da safe lokacin da bununi ya fi tashi, da wanke fuska da hanci da ruwa mai tsabta in an shigo daga waje. Ruwan saman da aka yi ma ya kwantar da ƙurar. Ya ƙara da cewa bununi iska ke ɗauko shi daga gonakin gari duka, ko an rufe wannan gona ɗaya hanci ba zai san an yi ba.

Daga cikin kunya Sodangi ya ɗago kai, ido jawur. "Haɗin gwiwa na," in ji shi. "Maganinshi da safata." Sai atishawa ta mayar da shi ƙasa.

Da yamma aka zauna a zauren Kalilu. Nan ne raina ya fi ɓaci, domin dattawa sun so su mayar da abin raha. Wai ƙanin mata abokin wasa ne, ba a kai shi ƙara. Na ce na san wasan ƙanin mata. Ya ɓoye mini takalmi ranar Salla, na yi dariya. Ya ce yayarsa ta yi asarar aure, na yi dariya. Amma irin da mahaifina ya ɗauko a ka daga Alkalawa ba takalmi ba ne. Kalilu ya yanke cewa kai goma sha taran da suka tsira su ne iri yanzu, kuma da yake sun fara ido, tsuntsaye za su taru a kansu. Sodangi zai yi gadinsu tun fitowar rana har faɗuwarta, sai an girbe.

"Goma sha tara kaɗai?" in ji shi, yana jan hanci. "Ko ƙuda ba shi sauka. Ni da nit tsare shanu ɗari a Madawa."

Zan faɗi gaskiya ko a kan wanda ya cuce ni: kwana huɗun farko gadin ya yi kyau. Dawar Kalilu ta shiga nata bununin, hancin Sodangi kuma tun ranar safa bai koma daidai ba. Duk minti biyu sai ya harba, tsuntsaye su watse. Ban taɓa ganin mutum-mutumin gona mai aiki kamarsa ba.

A rana ta biyar ya gaji. Kamalu ya ba shi irin ƙwayar Ikilima, ya ce guda ɗaya a rana. Sodangi ya ce wannan na mata ne. Ya je kasuwa wurin masu tallan magani a faranti ya sayo wata tsohuwar ƙwayar mura, irin mai saukar da barci, ya haɗiye uku a tashi ɗaya, wai jikinsa ba ya jin guda. Atishawa ta tsaya cak. Shi ma ya tsaya. Da na zagayo da azahar na same shi a miƙe a gindin gero, baki buɗe, tsuntsaye sun yi baƙi a kan zangona, biyu suna hutawa a kan hularsa.

Bakwai suka rage.

Na kore shi. Na ɗauko kujerata da lema na zauna da kaina. Amma ni mutum ne mai shekara sittin da takwas, ga salla, ga abinci, ga rana, tsuntsaye kuma ba sa tafiya hutu. Kwana biyu ina fama, na ga sun fara cin gefen bakwai ɗin da suka rage. Kalilu ya leƙo ta kan iyaka, ya daɗe yana kallo, ya yi gyaran murya.

"Malam, in hwaɗi wata magana, kada ka yi hushi."

"Faɗi."

"Yanzu bununi ya wuce, gero ya yi ido, ruwa kuma ya ja baya. Abin da ka hana tsuntsu yanzu, a rufe kan da wani abu mai shan iska." Ya kau da kai. "Awa safa."

Na dube shi, ya dubi dawarsa. Na yi tunanin buhu, ya yi faɗi. Na yi tunanin leda, za ta dafa shi. Na yi tunanin mahaifina. Sannan na shiga gida na zaɓo safa bakwai daga tulin da aka cire, na wanke su da sabulu sau uku, na shanya suka bushe ƙayau. Na nemi farare, babu. Na hau kujera da rana tsaka, ina zura ta biyar, ja mai zanen fari, sai na ji tafi a bayana.

"Allahu akbar!" in ji Sodangi. "Jama'a ku zo ku gani! Hedimasta ya karɓi darasi!"

Iri ya tsira, alhamdu lillahi, yana nan yana bushewa a kan karansa. Amma tun ranar Sodangi ke yawo kasuwa-kasuwa, har Isa, yana cewa da farko na yi masa gardama irin ta 'yan boko, daga baya na gane na bi hanyarsa. Mutanen da na koya wa karatu da hannuna suna gaishe ni da Malam Mai Safa.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba za ni janye ba. Mai unguwa ya sa Sodangi ya sake aro lasifikar nan, ya hau turmin nan, ranar kasuwa, ya faɗa da bakinsa cewa safar da ya sa lokacin bununi ita ta kashe gero, tawa kuwa bayan ya yi ido aka sa ta, kuma tsakanin biyun akwai mako biyu da hankali. Ya faɗa cewa maganin asibiti ne ya tsayar da atishawar yayarsa. Ya kuma faɗa cewa hotunan da ke yawo a waya aikinsa ne, ba na wani tsohon hedimasta ba.

Na kai wa Kalilu wannan buƙata a rubuce. Amsar da na samu ita ce saƙon da Sodangi ya aiko jiya ta bakin Ikilima, wai in na gama da safarsa in wanke in mayar masa, manoman Gangara suna jiran layi.

Na ce ya zo ya karɓa da kansa, mu zauna mu tattauna a tsanake. Dawar Kalilu ta gefen kudu ba ta gama bununi ba, kuma can na ajiye masa kujera.